Tarihin Sana'ar Gano Abin da Ke Hana Kwamfuta Tashi: Ma'adanar Aiki da Ma'adanar Kusa

Kwamfutar da aka kunna yanzun nan ba ta da komai a cikin ma'adanar aikinta, wato wurin da take shimfiɗa umarni da bayanai yayin da take aiki, wanda masu gyara suke kira ram, domin irin wannan ma'adana tana zubar da duk abin da ke cikinta da zarar wuta ta ɗauke. Wannan ne ya sa kowace kunnawa take farawa da jerin matakai da ake kira tashi, ko butin a bakin 'yan kasuwar kwamfuta: wani ƙaramin shiri da aka dasa a jikin na'urar tun daga masana'anta shi ne yake fara farkawa, ya duba sassan jikinta, ya nemo babbar manhaja a faifan ajiya, ya ɗora ta a ma'adanar aiki, sannan ya miƙa mata ragama. Babbar manhaja ita ce shiri irin su Windows ko Linux, wanda yake raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci. Abin da ya mayar da gano dalilin ƙin tashi fanni mai zaman kansa a cikin gyaran kwamfuta shi ne cewa shirin da zai duba lafiyar ma'adana shi ma sai da ma'adana yake aiki, don haka idan ɓarnar ta faɗa daidai gurbin da yake tsaye, na'urar takan yi shiru ba tare da ta samu bakin faɗin ciwonta ba.

A zamanin kwamfutocin farko matsalar ba ta yi tsanani ba, saboda ma'aikaci yana ganin cikin na'urar da idonsa. Ma'adanar da ta mamaye shekarun 1950 da 1960, wadda aka ɗora wa kwamfutar Whirlwind ta cibiyar MIT a Amurka a 1953 ƙarƙashin jagorancin Jay Forrester, an yi ta ne da ƙananan zobba na maganaɗisu da aka saƙa cikin siraran wayoyi, kowane zobe yana riƙe bit ɗaya, wato sifili ko ɗaya, kuma ba ya mantawa ko da an kashe wuta. A kan kwamfuta irin PDP-8, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1965, ma'aikaci yakan shigar da shirin tashi da hannunsa, umarni goma sha wani abu, ta hanyar ɗaga makunnai da sauke su a gaban akwatin, fitilu kuma suna nuna masa abin da ke cikin kowane gurbi. Idan ya rubuta lamba a wani adireshi, ya karanta ya ga wata daban, ya riga ya kama mai laifi. Wannan ƙa'ida ta a rubuta, a karanta, a kwatanta, ita ce tushen kowane gwajin ma'adana har gobe.

Ma'adanar silikon ce ta kawo sabon ciwo. Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro gurbin ajiya mai taransista ɗaya da kafasita ɗaya, aka ba shi shaidar mallakar ƙirƙirar a 1968, sannan a 1970 kamfanin Intel ya fito da ƙwaya mai lamba 1103 mai ɗaukar bit 1,024, wadda ta fara ture zobban maganaɗisu daga kasuwa. Kafasita ɗan mazubin cajin lantarki ne, kuma mazubi ne mai yoyo, saboda haka a ƙwayoyin farko sai an riƙa zagayawa ana sake cika kowane gurbi sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, in ba haka ba abin da aka ajiye ya zurare. Waɗanda suka sayi Altair 8800 ta 1975 sun ɗanɗana kuɗarsu, domin allunan ma'adana masu kilobayit 4 da kamfanin MITS ya sayar musu sun yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki, har wasu ƙananan kamfanoni suka samu gindin zama da sayar da madadinsu. A 1978 Timothy May da Murray Woods na Intel suka gano cewa burbushin yuraniyom da toriyom da ke cikin kayan da ake lulluɓe ƙwayar da su yana iya juya bit ba tare da gurbin ya lalace ba, bayan shekara guda kuma James Ziegler da William Lanford suka nuna cewa burbushin da ke zubowa daga sararin samaniya ma yana yin haka. Daga nan masu gyara suka san kuskure iri biyu ne, akwai mai tabo wanda yake dawowa a wuri ɗaya, akwai kuma mai wucewa wanda ba ya barin sawu.

Kwamfutar da ta koya wa sana'ar ɗabi'unta ita ce IBM PC, wadda tawagar Don Estridge ta ƙera a Boca Raton ta jihar Fulorida, aka gabatar da ita ranar 12 ga Agusta, 1981, ɗauke da furosesa, wato ƙwayar da ke aiwatar da umarni, samfurin Intel 8088, da ma'adana daga kilobayit 16 zuwa 64 a kan babban allo. Shirin tashinta ana kiransa BIOS, sunan da ya samo asali daga manhajar CP/M ta Gary Kildall, kuma yana zaune ne a ƙwayar dindindin wadda ba ta gogewa. Babban alherin da IBM ya yi wa masu gyara shi ne buga rubutun wannan shiri gaba ɗaya a littafin bayanin na'urar, ta yadda kowa zai iya bin matakan gwajin layi bayan layi.

Wanda ya karanta wannan rubutu zai ga yadda masu shirin suka taka sannu kamar mai haye rafi a kan gungume. Furosesa yana fara karatu daga wani adireshi da ke bayit 16 kafin ƙarshen megabayit na farko, ya gwada 'yan guraben da ke cikin jikinsa, ya tara lambobin ƙwayar dindindin ya ga ko jimillar ta yi daidai, ya gwada agogon allo, ya tayar da zagayen sake cika ma'adana, duk wannan bai taɓa ram ba ko sau ɗaya. Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Duk shirin da zai kira wani ƙaramin shiri yana buƙatar inda zai rubuta adireshin da za a dawo bayan an gama, kuma a al'ada a ram ake rubutawa. Da yake ba a amince da ram ba tukuna, sai masu shirin suka rubuta adireshin dawowar tun a masana'anta cikin ƙwayar dindindin, suka nuna wa furosesa can a matsayin wurin ajiyarsa. Bayan haka ne ake gwada kilobayit 16 na farko da zane-zane irin su 10101010 da 01010101, domin a tilasta wa kowane bit ya riƙe sifili ya kuma riƙe ɗaya alhali maƙwabcinsa yana riƙe da kishiyarsa. Idan wannan yanki ya faɗi, na'urar takan tsaya cik da baƙin sikirin. Idan ya ci, sai a kunna sikirin a ci gaba da sauran, kuma duk ɓarnar da aka samu daga nan tana fitowa da lamba 201, gabanta da haruffa huɗu da ke nuna jerin ƙwayoyin da abin ya shafa da kuma bit ɗin da ya faɗi, har mai gyara ya iya ɗora yatsa a kan ƙwaya guda ya ce ga ta nan.

Kowane jeri na ma'adanar wannan kwamfuta ƙwayoyi tara ne, alhali bayit bit takwas ne kawai. Ta taran mai gadi ce: a lokacin rubutu ana ƙirga yawan ɗaya-ɗayan da ke cikin bayit ɗin, a rubuta a bit na tara ko adadin yana rabuwa biyu daidai ko yana barin saura, a lokacin karatu kuma a sake ƙirgawa. Idan lissafin bai dace ba, na'urar takan dakatar da komai, ta rubuta saƙo da lamba 1 idan ɓarnar a babban allo take, ko 2 idan a katin ƙari take. Masu amfani sun tsani wannan saƙo domin yana cinye aikin da ba a adana ba, amma shi ne shaidar da ke raba laifin ƙarfe da laifin manhaja. Hanyar da ta fi wannan, mai iya gyara bit ɗin da ya juya ba tare da an tsaya ba, wadda ake kira ECC, ta samo tushe daga aikin da Richard Hamming na Bell Labs ya buga a 1950, sai dai tsadarta ta sa ta zauna a manyan na'urori.

Da wasu kamfanoni suka fara ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon ta IBM, sai masu rubuta BIOS suka yawaita: Phoenix ya fito da nasa a 1984, AMI da aka kafa a jihar Jojiya a 1985 da Award suka biyo baya, kowa da yarensa na kukan lasifika, wanda shi ne kaɗai bakin na'urar kafin sikirin ya kama. A tsohon BIOS na AMI kuka biyu yana nufin kuskuren bit na tara, uku ɓarna a kilobayit 64 na farko, takwas ma'adanar katin hoto, goma sha ɗaya kuwa ma'adanar kusa, shi kuma Phoenix yana karkasa kukansa rukuni-rukuni. Tun daga IBM AT ta 1984 BIOS yana aika lamba zuwa wata ƙofa ta musamman kafin kowane gwaji, wannan ya ba da damar ƙera ɗan kati mai nuna haruffa biyu da ake cusawa a allo, inda lambar da ta tsaya a kansa take bayyana matakin da na'urar ta maƙale.

Ma'adanar kusa, wadda masu sana'ar ke kira kash, ita ce ta dagula wannan tsari mai sauƙi. Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ya bayyana tunaninta a wata gajeriyar maƙala a 1965, kamfanin IBM kuma ya saka ta a kwamfutar System/360 samfuri na 85 da ya sanar a 1968, mai kilobayit 16 a ƙaramin tsarinta. Editan mujallar fasaha ta kamfanin, Lyle Johnson, shi ne ya ba da shawarar sunan, wanda asalinsa kalmar Faransanci ce mai nufin ɓoyewa. Misalinta kamar ɗan kasuwa ne mai sito a nesa da teburi a gabansa, wanda yake ajiye kayan da aka fi tambaya a kan teburin don kada ya riƙa zirga-zirga. Ma'adanar kusa ƙarama ce mai sauri da ke riƙe kwafin abin da furosesa ya taɓa kwanan nan, kuma an tsara ta ne yadda manhaja ba za ta san tana nan ba. Wannan ɓuya ita ce amfaninta ga mai rubuta manhaja, ita ce kuma azabarta ga mai gyara.

Ma'adanar kusa ta shigo ƙananan kwamfutoci ne a zamanin Intel 386, lokacin da furosesa ya tsere wa ram. Furosesa 486 na 1989 ya zo da kilobayit 8 a cikin jikinsa, kuma idan yana gudu a megahaz 33, bugun agogonsa ɗaya nanodaƙiƙa 30 ne, wato kashi 30 cikin biliyan na daƙiƙa, alhali ram na lokacin yana ɗaukar kusan 70 kafin ya amsa. Don cike giɓin, masu ƙera alluna suka ƙara mataki na biyu a waje, galibi kilobayit 256 a ƙwayoyi takwas masu amsawa cikin nanodaƙiƙa 15 zuwa 20, tare da wata ƙwaya ta daban, ƙwayar alama, mai riƙe rajistar adireshin abin da ke kan teburin. Idan ƙwayar alama ta yi nawa ko ta lalace, sai a miƙa wa furosesa bayani lafiyayye amma na wani adireshin, shi kuwa ya aiwatar da shi a matsayin umarni.

Abin da ya fi rikita masu gyara shi ne lokacin da ciwon yake bayyana. Furosesa yana farkawa ne da ma'adanar kusa a kashe, kuma a yawancin allunan zamanin BIOS ba ya kunna ta sai ya gama ƙirga ram, gab da miƙa ragama. Don haka na'urar takan ƙirga kilobayit ɗinta tsaf, ta yi kuka ɗaya na lafiya, ta ɗauko bayit 512 na farkon faifai, sannan ta daskare a daidai lokacin da sunan babbar manhaja ya bayyana, abin da yake sa kowa ya ɗora wa manhajar laifi. Ta wani gefen kuma ma'adanar kusa lafiyayya tana iya rufa wa ram mara lafiya asiri, domin gwajin da ya rubuta lamba ya karanta nan take yana samun amsarsa ne daga teburi, bai taɓa leƙa sito ba. Daga nan aka samu ƙa'idar da ta zama karatun farko ga kowane almajirin sana'ar a shekarun 1990: a shiga saitin BIOS a kashe ma'adanar kusa ta waje, idan na'urar ta tashi, ko da tana jan ƙafa, to an gano unguwar ɓarawon, saura a sassauta saitin saurin, a danna ƙwayoyin da zafi da sanyi suka ɗan turo daga mazauninsu, ko a musanya su ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ta tashi ba, a kashe ta ciki, a rage ram zuwa jeri guda, a cire duk katin da ba dole ba. Hanyar ragewa ce, kuma ƙarfinta yana cikin sharaɗi guda, wato kada a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya.

Akwai kuma ciwon da ba lalacewar ƙwaya ke kawo shi ba, rashin jituwa ne tsakanin kwafi da asali. Wasu sassa, kamar mai sarrafa faifan fulofi, suna zuba bayani kai tsaye cikin ram ba tare da sun bi ta furosesa ba. Lokacin da kamfanin Cyrix ya fitar da 486DLC a 1992, furosesa mai ma'adanar kusa ta kilobayit 1 da ake cusawa a mazaunin 386, tsofaffin allunan ba su da hanyar sanar da shi cewa abin da ke sito ya canza, sai ya ci gaba da karanta tsohon kwafi, sakamakon haka faifan fulofi lafiyayye ya zama kamar gurɓatacce, girka manhaja ya gagara. Irin wannan ya sake faruwa da aka koma daga tsarin da ke rubuta kowane canji a ram nan take zuwa tsarin da ke jinkirta rubutun har sai an buƙaci gurbin, kamar ɗan kasuwar da ke tara cinikin yini a 'yar takarda kafin ya shigar a babban littafi. Ya fi sauri, amma duk wanda ya buɗe littafin kafin yamma zai karanta lissafin da ya shuɗe.

Tsakiyar shekarun 1990 ita ce lokacin da amana ta yi ƙaranci a kasuwar. A watan Yulin 1993 masana'antar Sumitomo Chemical da ke Niihama a Japan, wadda take samar da fiye da rabin ƙaron da duniya ke lulluɓe ƙwayoyin lantarki da shi, ta yi bindiga, farashin ma'adana ya tashi, kuma bai karye sosai ba sai a 1996. A cikin wannan yanayi na tsada aka ga alluna masu araha ɗauke da ma'adanar kusa ta bogi, baƙar roba mai ƙafafu wadda babu silikon a cikinta, da BIOS da aka gyara don ya riƙa shelar cewa tana nan. Masu gyara sun kama wannan ha'inci da agogo: sukan auna lokacin karanta yanki ƙarami, su riƙa faɗaɗa shi, inda allo na gaskiya yake nuna tsani biyu na raguwar sauri, ɗaya bayan kilobayit 8, ɗaya bayan 256, na bogi kuwa tsani ɗaya kawai. An kuma sayar da sandunan ram da aka maye ƙwayarsu ta tara da wata mai ƙirƙiro amsar da allo yake son ji a duk lokacin karatu, mai gadin da ba zai taɓa ihu ba.

Abin da ya fi waɗannan illa, bisa kowane ma'auni na adalci, an yi shi ne a fili. A 1995 kamfanin Intel ya fitar da rukunin ƙwayoyin allo mai lamba 430FX, wanda ya bazu a kwamfutocin Pentium, kuma ba ya duba bit na tara kwata-kwata. An sami rangwamen ƙwaya ɗaya cikin tara, amma an rufe bakin shaidar da IBM ya dasa a 1981, kuma daga wannan lokaci kwamfutar gida da ram ɗinta ya juya bit ba ta tsayawa ta faɗa, sai ta ci gaba da aiki da gurɓataccen bayani har ta faɗi a wani wuri da ba shi da alaƙa da tushen ciwon. Nauyin da na'ura take ɗauka sai ya koma wuyan mai gyara da mai kaya.

Wannan ya zo daidai da bayyanar manyan manhajoji masu cin ma'adana gaba ɗaya. DOS, babbar manhajar da aka saba da ita kafin su, yana yawancin harkarsa ne a kilobayit 640 na ƙasa, don haka kwamfuta takan yi shekaru da ruɓaɓɓen gurbi a sama ba wanda ya sani, sai ranar da aka zo girka OS/2 na 1992, ko Windows NT na 1993, ko Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, sannan asiri ya tonu, mai kayan kuma ya rantse cewa na'urarsa lafiya take jiya. Masu amfani da Linux sun fi kowa tara ilmi a wannan fage. Shirin tashinsu na lokacin, LILO, yana rubuta haruffan sunansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi bayan kammala mataki, don haka tsayawa a harafi na biyu yana nuni ga faifai. Idan kuwa an wuce nan, zuciyar manhajar ta fara warware kanta daga matsewar da aka yi mata, sai lissafin tabbatarwa ya ƙi dacewa alhali faifan lafiya yake, to zargi ya koma kan ram da ma'adanar kusa. Rogier Wolff, ɗan ƙasar Holan, ya tattara bayani a kan wata alama da ta shahara da suna sigina 11, wadda take katse aikin harhaɗa zuciyar Linux, ya kuma yaɗa gwaji mai sauƙi: a maimaita aikin, idan ya tsaya a wuri ɗaya kullum laifin manhaja ne, idan wurin tsayawar yana yawo laifin ƙarfe ne, domin manhaja ba ta sauya ra'ayi tsakanin gwaji da gwaji.

Kayan aikin da ya fi daɗewa a jakar masu gyara ya fito a 1994, lokacin da Chris Brady ya saki Memtest86, shiri ƙarami da yake tashi da kansa ba tare da babbar manhaja ba, ya gwada dukan ma'adana, sannan ya ƙaura zuwa wani gurbi don ya gwada inda ya zauna. Yana cika ma'adana da zane, ya bi daga ƙasa zuwa sama yana dubawa yana juya kowane gurbi, ya sake bi daga sama zuwa ƙasa, kuma wasu gwaje-gwajensa an tsara su ne musamman don kada ma'adanar kusa ta amsa a madadin ram. Al'adar barinsa ya kwana yana zagaye tana da dalili, saboda akwai gurbin da ba ya faɗuwa sai akwatin ya ɗumama. Samuel Demeulemeester ya fitar da reshensa mai suna Memtest86+ a 2004.

Ba kowane ƙin tashi mai alaƙa da ma'adana ba ne ɓarnar ƙarfe. Tsohuwar hanyar tambayar BIOS yawan ram ba ta iya faɗin abin da ya haura megabayit 64, don haka masu Linux suka riƙa rubuta adadin da hannu, wanda ya zarce gaskiya kuma na'urarsa ta faɗi. Alluna masu 430TX na 1997 ba sa kwafin abin da ke sama da megabayit 64 a ma'adanar kusa, sai ƙarin ram ya jawo nawa. Windows 98 kuwa yakan ƙi tashi a na'urar da ram ɗinta ya haura gigabayit ɗaya, yana kukan cewa ma'adana ba ta isa ba.

Daga 1995 ma'adanar kusa ta fara barin allo: Pentium Pro ya ɗauke ta cikin kwalinsa, Pentium II na 1997 ya ɗora kilobayit 512 a katinsa, Celeron na farko a 1998 ya fito babu mataki na biyu, ya sha suka saboda nawa, cikin 'yan watanni aka dasa masa kilobayit 128 a jikin silikon ɗinsa. Da haka musanya ƙwaya ɗaya ya zama tarihi, sai dai a canza furosesa dungurungum, shi kuma ya koyi rubuta rahoton kuskurensa a wasu gurabe da babbar manhaja take karantawa. Sandunan ram suka sami 'yar ƙwayar da ke faɗin girmansu da saurinsu. Sannan AMD a 2003 da Intel a 2008 suka mayar da mai sarrafa ram cikin furosesa, abin da ya sa lanƙwasasshen tsinke guda a mazaunin furosesa yake iya bayyana a matsayin mataccen sandan ram.

Juyin da ya fi ban sha'awa ya faru ne a farkon daƙiƙar tashi. Ram na zamani ba ya amsawa sai an yi masa doguwar daidaitawa, ana gwada lokacin isar sigina a kowace waya har a sami tsakiyar da ba ta kuskure, kuma shirin da ke wannan aiki ya yi girman da ba zai rayu a 'yan guraben furosesa ba. Masu aikin LinuxBIOS, wanda Ron Minnich ya fara a cibiyar bincike ta Los Alamos a 1999 kuma aka sauya masa suna zuwa coreboot a 2008, sun yi amfani da wani mai harhaɗa shiri na musamman da Eric Biederman ya rubuta wanda ba ya taɓa ram, daga baya suka koma ga hanyar da ta zama ruwan dare a masana'antar, wato a kulle ma'adanar kusa kada ta zubar da komai, a yi amfani da ita a matsayin ram na wucin gadi. Sashen da masu gyara suka saba fara kashewa shi ne yanzu ma'adana ta farko da na'urar take dogara da ita. Ga mai gyara, sakamakon wannan a aikace shi ne cewa kwamfuta mai DDR5, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, tana iya yin mintuna da baƙin sikirin a kunnawar farko tana daidaitawa, kuma wanda ya yi gaggawar kashe ta zai ɗauki lafiyayyar na'ura a matsayin matacciya.

Binciken da Bianca Schroeder da Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber suka buga a 2009 a kan kwamfutocin Google ya nuna cewa fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan ram suna samun kuskure a shekara, kuma kurakurai masu tabo sun rinjayi masu wucewa. An iya ƙirga waɗannan ne saboda na'urorin suna da ECC. Yawancin kwamfutocin gida da na ofis har yau ba su da mai gadin da ke kai rahoto.

Wannan giɓi ya fi shafar kasuwannin da kwamfutoci na hannu suke sauka, irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas da shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, inda na'urar da ta riga ta yi shekaru a wata ƙasa take haɗuwa da zafi da ƙurar hunturu da wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mai gyaran da ya zare sandan ram, ya goge haƙoransa na ruwan zinariya da abin goge fensir, ya hure mazaunin, ya mayar da sanda ɗaya tak ya kunna, yana bin hanyar ragewar da aka gada tun zamanin 486, ko da bai san asalinta ba. Abin da ya kamata iyayen gida a waɗannan shaguna su hana yaransu shi ne gaggawar yin fomatin da zarar Windows ya ƙi tashi, domin goge faifai ba ya warkar da gurbin ram da ya lalace, sai dai ya tafi da takardu da hotunan mai kaya, bayan kwana biyu kuma na'urar ta dawo da ciwonta. A fara kwafe bayanan mai kaya, a bar gwajin ma'adana ya kwana yana zagaye, sannan a yanke hukunci da safe.